Alheri Mai Kalanda

A gidan makoki Mma Odirile ta fara jin maganar. An dawo daga maƙabarta, mata sun kewaye manyan tukwanen ƙarfe masu ƙafa uku suna tuƙa tuwon dawa, hayaƙi na shiga idon kowa. Ita ba ta tuƙi. Kafaɗarta ta yi ritaya tun kafin ita ta yi, don haka aka ba ta kujera da wuƙa da kwandon kabeji. Hannunta na yanka, kunnenta na yawo.

"Ni dai ban taɓa ganin alheri mai kalanda ba sai na Rre Dikgang," in ji wata mai jan ɗankwali, tana share gumi da bayan hannu. "Watan takwas na kamawa zuciyarsa ke narkewa. Damina na sauka ta koma ta daskare."

Aka kwashe da dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a gidan mutuwa.

"Ke Sethunya, wannan bakin naki sai ya kai ki gaban dagaci."

"To ƙarya na yi? Bara mijin ƙanwata ya samu shanun mafisa biyu daga wurinsa. Ɗaya ta mutu. Ɗayar ya yi jinyarta wata biyar kamar ita ta haife shi, tana miƙewa motar mai ita ta zo ta ɗauke. Ko madarar shayi bai tatsa ba."

"Ai cewa ake mako biyu kafin 'yan kwamiti su zo ake rabon, wai don kada a ga..."

Wata ta zungure ta da gwiwar hannu. Idanu suka juyo kan Mma Odirile, muciyoyi suka ci gaba da aiki kamar ba a ce komai ba.

"Ku ƙarasa mana," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kunnena na hagu ya mutu, na daman kuma ba ya kai ƙara."

Ba wadda ta ƙarasa.

Mafisa ba baƙon abu ba ne a wurin kowa a nan. Tun kaka da kakanni mai garke ke ware saniya biyu ko uku ya kai wa wanda ba shi da ko ɗaya, ya riƙe, ya sha nono, ya yi huɗa, in abin ya yi albarka a bar masa maraƙi. Da mafisa kakan Mma Odirile ya kafa nasa garken. A ce wai wani ya mai da wannan abu wurin ɓoye ƙazanta, maganar ta yi mata nauyi a kunne. Shekara talatin da huɗu tana koyar da ilimin halittu, tana gaya wa yara cewa "an ce" ba shaida ba ce. Amma ta kuma san ruwa ba ya tsami banza. Ta gama kabejinta, ta yi wa masu makoki sallama, ta hau motar yamma ta koma gari.

* * *

Shekara huɗu ke nan da aka sa ta cikin kwamitin gunduma mai ba gwamnati shawara kan yadda ake kula da dabbobin gona. Mutum tara ne. Akwai likitan dabbobi, Dakta Moalosi, shi ne shugaba. Akwai Rre Dikgang, mai babbar gonar madara, wakilin manyan manoma. Ita kuma an rubuta a gaban sunanta "wakiliyar al'umma", ko da yake al'ummar ba ta san ta aike ta ba. Sau ɗaya a shekara, farkon watan tara, suke shiga farar mota su zaga gonaki da garkunan ƙauye, su rubuta shawara, a aika babban birni. Shawara arba'in da ɗaya suka aika. Gwamnati ta ɗauki biyu.

Ɗaya ita ce duk garken da aka samu da sakaci sau biyu a jere, a kwashe dabbobinsa gaba ɗaya a kai garken hukuma.

Ɗayar kuwa tata ce, kuma har ranar nan tana taƙama da ita. Asali takardar dubawa cewa take "sunan mai dabba". Ita ta miƙe a zamansu na farko ta ce masu dabba suna birni cikin ofisoshi masu sanyi, sai Kirsimeti suke leƙowa, saniya na mutuwa a ƙauye ba wanda za a tambaya. A rubuta "sunan mai riƙo", wanda dabbar ke hannunsa a ranar. Ta tuna wanda ya fara tafa mata. Rre Dikgang ne. Har cewa ya yi, "Malama ta gama magana."

Ta ɗauko littafin da take rubutu a ciki lokacin zagaye, ta sa tabarau, ta zauna a baranda inda haske yake. Bara sun samu shanu goma sha huɗu marasa lafiya a ƙauyen Sekgwana. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Baƙa da fari, miki a gwiwar baya, kofato ya yi tsawo ya lanƙwashe. Baƙa da fari, miki a gwiwar baya. Baƙa da fari. Sau goma sha uku ta rubuta magana ɗaya da hannunta, ba ta tsaya ta tambayi kanta ba yadda mutanen da tun tasowarta jajayen shanu masu dogon ƙaho suke kiwo suka wayi gari duk da shanun madara na Turawa. A ƙasan shafin ta rubuta abin da kowa ke faɗa a motar: mutanen ƙauye na buƙatar wayar da kai.

Ta goma sha huɗun ba ta gan ta ba. A garken ƙaninta Motsumi take, ranar ta zauna a mota don kada a ce ta yi son kai. Da ta koma gida ta kira shi a waya ta yi masa faɗa irin na malamai, ta ce ya zubar da sunan ubansu. Abin da ya ce kawai shi ne, "Na ji, Yaya."

Sau ɗaya ke nan. Saura ɗaya.

* * *

Daga inda motar haya ke sauke mutum zuwa garken Motsumi tafiyar rabin awa ce cikin yashi. Ƙarshen rani ne, ƙayoyi sun zubar da ganye, ƙasa ta yi fari fat. Ta same shi durƙushe a cikin garke da roba cike da ruwan gishiri da wani tsumma. Shekararsa sittin da shida, ya rame har hularsa ta yi masa yawa.

"Yau kuma gwamnati da kanta a gidana, ba mota ba takarda?" ya ce, yana murmushi da gefen baki.

"Gwamnati ta zo da ƙishirwa. Ina Kenanao?"

"Ga ni, Yaya," matarsa ta amsa daga bakin ɗaki, ta kawo mata ruwa a kofi. "Ki yi haƙuri da ɗanɗanonsa, mai kyau na marasa lafiya ne."

A gefe guda Khunwana ce tsaye, jar saniyar nan mai ƙaho kamar hannun da aka ɗaga ana addu'a, da 'yar karsanarta a jikinta. Ita kaɗai ta rage daga zuriyar shanun ubansu. Sauran sun tafi ɗaya bayan ɗaya, wasu fari ya ci, wasu kuma tun da daɗewa aka kai su kasuwa don Mma Odirile ta zauna a aji yayin da Motsumi ke bin wutsiyarsu a daji. Haka ake yi a lokacin, 'ya mace makaranta, ɗa namiji kiwo. Ba su taɓa zancen ba.

A ɗaya gefen, ƙarƙashin rumfar buhuna da ya kafa musu, shanu uku ne kwance, baƙaƙe da fari.

Ta miƙa wa Kenanao jakarta, ta dafa shinge ta durƙusa da ƙyar. Ta ɗaga ƙafar ta farko. Kofaton ya yi tsawo ya juya sama kamar tsohon takalmi, tsakiyarsa ya ruɓe yana wari. A gwiwar baya gashi ya goge, fata ta kumbura ta fashe. Ta duba ta biyu da ta uku. Duk ɗaya.

"Motsumi, ina siminti a garkenka?"

"Wane irin siminti kuma?"

"Wannan mikin na kwanciya a kan siminti ne. Wannan ruɓar ta tsayuwa cikin kashi da fitsari ce wata da watanni. Yashin nan naka ko shekara goma saniya ta yi a kai ba ya yi mata haka. Yaushe suka zo?"

Ya matse tsumman ya ci gaba da wanke mikin.

"Ranar sha huɗu ga wata," in ji Kenanao. "A mota. Sai da mutum shida suka sauko da waccan ta ƙarshen. Ko kiwo ba su iya ba, Yaya. Ka sake su su tsaya a bakin shinge suna jira a kawo. Shi ke tsinto musu 'ya'yan bagaruwa buhu-buhu, rabon Khunwana yake ba su. Dubi haƙarƙarinta."

"Ke, ba a tambaye ki ba."

"An tambayi wanda ba ya amsawa."

Daga can nesa injin rijiyar burtsatse ya tashi, yana gurnani. Nan take shanun uku suka ɗaga kai. Suka fara fafutukar miƙewa, suna kuka, suna faɗuwa a kan gwiwa. Wadda ta samu ta tsaya sai madara ta fara ɗiga daga hantsarta tana nutsewa cikin yashi. Khunwana ko kunne ba ta kaɗa ba.

"Kullum haka suke yi in suka ji inji," Motsumi ya ce a hankali. "Sun ɗauka lokacin tatsa ne."

Mma Odirile ta zauna daɓas a ƙasa. Gani ya kori ji.

"Ka mayar wa Rre Dikgang abinsa. Yau. Ranar Litinin za mu fara zagaye, in suka same su a nan za a kwashe har Khunwana."

"Mayar da mafisa zagi ne, Yaya. Ke ma kin sani, boko bai goge miki wannan ba."

"To ka faɗa a gaban jama'a yadda suka zo."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta. "Kin manta abin da Baba ke cewa? Saniyar mafisa in ta mutu a hannunka, fatarta kake kai wa mai ita, ba ƙorafi ba. A gaban dagaci mutumin nan ya kama hannuna ya ce 'ɗan'uwana, na ba ka amana'. Shekara nawa rabon da wani ya ba ni amanar ko akuya? Ke ana aiko miki mota. Ni wa ke nemana?"

"Ba amana ya ba ka ba, shararsa ya zuba maka."

"To sharar ma ai tana numfashi." Ya shafa wuyan saniyar. "Da na ƙi, ita ce za ta ci gaba da kwanciya a simintin naki."

Ta karɓi jakarta. Kenanao ce ta raka ta bakin hanya, sai da suka yi nisa ta tsaya ta nuna inda ƙarar injin ke fitowa.

"Ba duka ya gaya miki ba. Rijiyar can ta wa ce, in ba ta Rre Dikgang ba? A rani duk saniyar da ke Sekgwana can take sha. Wanda ya buɗe baki, ina zai kai tasa?"

* * *

Gonar Rre Dikgang aka fara zuwa, kamar kowace shekara. Shi kuma kamar kowace shekara ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ba zai shiga ba, don kada a ce ya sa baki a duba nasa. An wanke simintin har yana ƙyalli, an zuba sabuwar ciyawa, shanu na tsaye sumul-sumul suna tuƙa. 'Yan kwamiti na tafe suna kaɗa kai. Wani ya ce da mutanen ƙauye za su zo su gani da sun koyi wani abu.

Mma Odirile ta bar su suka yi gaba. Ba shanu take ƙirgawa ba, gurabensu take ƙirgawa. A layin ƙarshe, can inda ruwan wanki ke taruwa, akwai gurabe babu komai a ciki, amma ƙarfen gaba ya goge ya yi santsi inda wuya ke gogarsa. Goma sha tara.

"Waɗannan fa?" ta tambayi manajan gonar.

"Na faɗaɗawa ne, Mma. Muna jiran sababbi."

"Sababbin sun riga sun goge ƙarfen kafin su iso?"

Ya yi dariya, ya ce abinci na hucewa. Aka ci dakakken nama da tuwo da kindirmo a ƙarƙashin rumfa, aka sa hannu a takarda: babu dabba ko ɗaya mai rauni.

Kwana uku suka yi a Sekgwana. Garke takwas, shanu goma sha tara. A garken Motsumi wannan karon ba ta zauna a mota ba. Tana tsaye farar motar ta shigo da gurnaninta, shanun uku suka taso suna ɗingishi suka nufo ta suna kuka, sakataren kwamiti ya rubuta cewa yunwa ta sa dabbobi bin mota.

A zaman rufewa ta miƙe da littafinta. Ta faɗi ranar rabo da ranar zuwansu. Ta faɗi gurabe goma sha tara da shanu goma sha tara. Ta yi bayanin miki da kofato kamar tana gaban allo. Da ta gama, ba wanda ya kalli wani.

Dakta Moalosi ya cire tabarau ya murza ido. Ba mugun mutum ba ne, gajiyayye ne. "Mma, ni ma na san mikin siminti in na gan shi. Amma takardarmu mai riƙo take tambaya."

"Kowace na da lamba a kunne. A karanta a ga sunan wa ke kai."

"Karanta lamba aikin ofishin rajista ne. Mu shawara aka ce mu bayar."

"To mu ba da shawara a canza kalmar."

"Za a iya sa shi a zaman baɗi. In ya wuce a aika birni, su duba." Ya mayar da tabaraunsa. "Sannan kada ki manta, ɗaya daga cikin masu riƙon ƙaninki ne. Za a ce."

Rre Dikgang ya gyara zama. Mutum ne mai taushin murya, gashinsa ya yi fari, kowa a gundumar ya taɓa cin wani abu nasa. "Malama, ban ji haushi ba ko kaɗan. Shanun nawa ne, ban taɓa ɓoyewa ba. Mafisa na bayar, kamar yadda ubana ya ba wasu, kamar yadda aka ba kakanki. In kwamiti na son ya shawarci gwamnati ta hana mai shi taimakon marashi, a rubuta, ni dai ba zan sa hannu ba. Lafiya suka bar gonata. Abin da ya same su a can, mai riƙo ya sani." Ya yi murmushi. "Kalmar ai taki ce. Ni tafi kawai na yi."

Ta rufe littafinta ta zauna.

"Ga abin da zan iya," Dakta ya ce, yana tattara takardu. "Ranar Juma'a za a karanta sakamako a dandalin dagaci. In mutum ɗaya cikin takwas ɗin ya tashi ya ce da bakinsa a haka aka kawo masa su, zan rubuta, zan kuma tsaya a kai. Mutum ɗaya."

* * *

Ranar Juma'a da hantsi dandalin ya cika. Maza a kan ƙananan kujerun fata a gaba, mata a ƙasa a baya, sun miƙe ƙafa sun lulluɓe da barguna duk da zafin. Dagaci a tsakiya ƙarƙashin bishiya, 'yan kwamiti a jere a gefensa. Rre Dikgang bai zauna cikinsu ba, ya je ya zauna cikin dattawan gari, ya ɗora hularsa a gwiwa.

Sakatare ya karanta sunaye. Bakwai gargaɗi ne, domin bara ba su aka ba. Na takwas, Motsumi, karo na biyu. Shi kaɗai ya karɓa shekara biyu a jere. Sauran na bara, Mma Odirile ta gane yanzu, an bar su su huta.

Dagaci ya ce ko akwai mai magana.

Ta miƙe tana dogara sanda. "Ranka ya daɗe, ba a matsayin 'yar kwamiti na tashi ba. 'Yar garin nan ce ni, a bayan waccan katangar aka binne cibiyata. Ina da tambaya ɗaya ga mutanen nan takwas. Shanun nan, a wane hali suka zo hannunku?"

Bakwai suka sunkuyar da kai suna kallon yashi. Can baya ta hango jan ɗankwalin Sethunya. Matar da bakinta ba ya rufuwa a gaban tukunya ta ja bargo ta rufe shi. Iska ta kawo gurnanin injin rijiya daga nesa, kowa ya ji.

Ta juya. "Motsumi. Ƙanena. Ban taɓa roƙonka komai ba, kai ne ka yi ta ba ni ban tambaya ba. Yau ina roƙo. Faɗi yadda suka zo. Don Khunwana."

Ya tashi a hankali, ya cire hula ya riƙe da hannu biyu. Ya dubi yayarsa. Ya dubi dagaci. Ya dubi Rre Dikgang, wanda ya ɗan kaɗa masa kai kamar mai cewa kada ka damu. Sannan ya dubi mutanen garin, waɗanda shanunsu za su je rijiya da yamma.

"Ranka ya daɗe," ya ce, muryarsa ba ta rawa, "lafiya lau aka kawo mini su. A hannuna suka lalace."

Kenanao ta saki wani ɗan sauti kamar wadda ƙaya ta soka, ta kifa kai a gwiwa. Dakta Moalosi, da ya riga ya cire murfin biro, ya mayar ya rufe.

Dagaci ya gode wa kwamiti, ya gode wa Rre Dikgang kan halinsa na tuna talaka, ya ja kunnen jama'a su riƙa kula da amana. Da aka tashi Motsumi ya biyo ta gefenta bai tsaya ba.

"Kin yi ƙoƙari, Yaya," ya ce. "Amma ke gobe mota za ki hau."

* * *

Ranar Talata motar hukuma ta zo ta kwashe biyar ɗin. A garken hukuma kuwa akwai ma'aikacin rajista da na'urarsa. Ya karanta lambobin kunne, ya ga uku na Rre Dikgang ne, aka kira shi ya zo ya ɗauki kayansa kafin mako ya ƙare. Khunwana da karsanarta sunan Motsumi ke kansu. Su aka bari, aka sa su cikin jerin gwanjon watan gobe.

Mma Odirile ta rubuta takarda shafi shida ta aika birni. Amsa ta zo cikin layi biyu: an karɓi shawararta da godiya, za a duba.

Da ta koma Sekgwana ta tarar ƙofar garken a buɗe. Rumfar buhunan na nan, robar ruwan gishiri na kife a kan shinge. Motsumi na zaune a gindin turken Khunwana, buhun 'ya'yan bagaruwa a gabansa, yana tsince ƙaya daga ciki ɗaya bayan ɗaya. Kenanao ta ce tun safe ya fita ya tsinto, sai da ya dawo ya tuna.

Ta zauna kusa da shi a kan yashi. Ya matsa mata wuri. Ta ciro littafinta daga jaka, ta buɗe sabon shafi, ta rubuta da irin rubutun da take yi a allo:

Ranar sha huɗu ga watan takwas Rre Dikgang ya raba shanu goma sha tara. Mako biyu da 'yan kwanaki bayan nan kwamiti ya samu shanu goma sha tara marasa lafiya a Sekgwana. A gonarsa bai samu ko ɗaya ba. Abin da matan gidan makoki suka faɗa gaskiya ne. Kalmar da ke kan takardar ni na kawo ta.